RA'AYINMU: Kafin A Sayar Da Gona Don Karatun Kasuwanci A Ƙetare

 

A cikin wasiƙun da suka iso mana a watan jiya akwai ta wani ɗan'uwa manomi daga Sakajiki, a ƙasar Ƙauran Namoda. Ɗansa ya kammala sakandare da sakamako mai kyau, sai wani mutum mai ofis a birni ya kawo musu takardar shiga wata jami'a ta ƙetare, inda yaron zai karanta ilimin kasuwanci da dabarun tallata haja. Har da albishir cewa an yafe masa rabin kuɗin makaranta. Abin da ya rage shi ne uban ya biya kuɗin shekarar farko da na biza da na jirgi kafin wa'adi ya cika, kuma ba shi da abin da zai kai wannan adadi face gonar fadama da ya gada. Tambayarsa biyu ce: shin ya halatta Musulmi ya tafi ƙasar da ba ta Musulunci ba domin irin wannan karatu? Kuma shin ya sayar da gonar? Mun zaɓi mu amsa masa a wannan shafi, domin mun tabbata ba shi kaɗai ne yake kwana da wannan tunani ba a tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi.

Tambaya ta farko ba ta da wahala. Fatauci sana'ar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun yana saurayi, sa'ad da ya kai dukiyar Nana Khadija ƙasar Sham. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiya, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen neman abin kai, wato Tanbihus Sahib. Sanin yadda ake tafiyar da dukiya, da riƙe lissafi, da kai haja ga mai buƙatarta, yana cikin ilimomin da idan al'umma ta rasa masu su gaba ɗaya, to ta yi laifi gaba ɗaya. Tafiya domin nemansa kuwa malamai sun halatta ta bisa sharaɗin mai tafiyar ya kasance yana da ilimin da zai kare shi daga shubuhohi, da tsoron Allah da zai kare shi daga son zuciya, kuma akwai buƙata ta gaskiya ga tafiyar. Za mu dawo kan waɗannan sharuɗɗa.

Tambaya ta biyu ita ce muke so mu tsaya a kanta, domin a nan ne ake cutar bayin Allah.

Ya ɗan'uwa, darasin farko da za a koya wa ɗanka a ajin tallata haja shi ne: ka san mai sayen kayanka, ka san abin da yake tsoro da abin da yake guri, sannan ka tsara maganarka a kan haka. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Jerome McCarthy ya taƙaita wannan fanni a kan ginshiƙai huɗu: ita kanta hajar, da farashinta, da hanyar kai ta ga mai saye, da yadda za a tallata ta. Har yau da su ake buɗe wa ɗalibi karatu. To abin da muke so ka lura da shi shi ne, tun ɗanka bai shiga aji ba an riga an karanta wannan darasi a kanka. Hajar ita ce gurbin karatu. Kai ne mai saye. An san kana tsoron yajin aikin malaman jami'a da 'yan bindiga, an san kana gurin a ce ɗanka yana waje, aka kuma tsara maganar daidai da haka. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa a ƙetare da kuɗin ɗaliban Afirka da Asiya suke rayuwa, kuma suna biyan ejan-ejan ɗinsu kamasho daga cikin kuɗin da kowane ɗalibi ya biya.

Dillanci ba haramun ba ne, kuma babu kasuwar da ta wadatu daga gare shi. Amma a kasuwar shanu ta Shinkafi kowa ya san wane ne dillali, an san la'adarsa, an san wanda zai biya ta. Illar wannan sabon dillali ita ce yana zuwa da rigar mai ba da shawara, yana ce maka "Alhaji, don Allah nake taimakon yaron nan", alhali ladansa yana hannun mai sayarwa, kuma ba ya samun ko kwabo sai ka biya. Rangwamen rabin kuɗi da ake yi maka albishir da shi kuwa, a wasu jami'o'in kusan duk baƙon ɗalibin da ya nema ana ba shi. Wato an ɗaga farashi ne sannan aka sauke shi, domin mai saye ya ji kamar ya yi tsintuwa. Kowane ɗan tireda ya san wannan dabara. Haka nan wa'adin da ake matsa maka da shi, a ce idan Juma'a ta wuce gurbi ya tafi: ana yin sa ne don kada ka sami sararin yin shawara.

Kada wani ya ce muna faɗin abin da bai faru ba. Mu mutanen Zamfara mun gani da idonmu. Gwamnatin Bello Matawalle, wadda ta hau mulki a 2019, ta tura ɗalibai karatu zuwa ƙasashe irin su Indiya da Sudan da tsibirin Ƙubrus, wanda aka fi sani da Saifurus. An yi biki, an ɗauki hotuna, iyaye sun yi farin ciki. Zuwa 2024, a zamanin gwamnatin Dauda Lawal, sai ga labarin ɗaliban da ke Jami'ar Ƙasa-da-ƙasa ta Saifurus ya cika kafafen labarai: bashin kuɗin makaranta ya taru, takardun zaman wasu sun ƙare, wasu sun koma aikin ƙarfi domin su ci abinci, 'yan siyasa kuma suna ta nuna wa juna yatsa a kan wanda ya jawo. Ba mu zo raba musu gardama ba, kuma ba kasuwanci dukkan waɗannan ɗalibai suka je karantawa ba. Abin da muke so a duba shi ne, waɗannan yara gwamnatin jiha ce sukutum a bayansu, mai karɓar kaso daga asusun tarayya kowane wata, amma duk da haka suka shiga wannan hali. To ina ga yaron da babu komai a bayansa sai kuɗin gona ɗaya, wadda ba a sayar da ita sau biyu?

A ƙara da cewa arewacin wannan tsibiri, inda jami'o'in da ake kai yaranmu suke, ya ayyana kansa ƙasa ne a 1983, kuma ban da Turkiyya babu ƙasar da ta amince da shi. Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can da ɗalibi zai ruga idan ta ɓaci. Tun a watan Agusta na 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu wurin. Wane ejan ne ya taɓa karanta wa uba wannan gargaɗi?

Sannan ga lissafin canji, wanda shi ne ya fi karya mutane. A watan Mayu na 2023 ana canzar da dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, kuɗin makarantar yaro dala 3,000 ne a shekara. Uban da ya yi lissafinsa a kan naira 1,380,000 ya wayi gari ana bin sa naira 4,500,000, alhali makarantar ba ta ƙara masa ko sisi ba. Ba a zo maganar haya da abinci da inshorar lafiya da sabunta takardar zama ba, waɗanda su ma da kuɗin waje ake biya. Wannan ne ya sa a 2024 aka ji kukan ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila, waɗanda aka dakatar da karatunsu aka kai sunayensu ga hukumar shige da fice saboda sun kasa cika kuɗi a kan lokaci. Ba 'yan damfara ba ne. Kuɗin da suka tara ne ya narke a hannunsu. Digiri shekara uku ne ko huɗu, kuma wanda ya tsaya a shekara ta biyu ba ya dawowa da rabin digiri, hannu wofi yake dawowa. Wanda ya shiga ciniki alhali ya san farkon farashi bai san ƙarshensa ba, kuma abin da ke hannunsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, to ya kusanci abin da malaman fiƙihu suke kira garari, ko da cinikin bai ɓaci a hukunce ba.

Wani zai ce ai yaron zai yi aiki a can ya biya wa kansa. Ejan ma haka yake faɗi. Gaskiyar magana ita ce bizar karatu tana ƙayyade sa'o'in aiki, a Ingila sa'o'i 20 ne a mako lokacin da ake karatu, kuma abin da ake samu a ciki da ƙyar yake riƙe haya da ciki. A ƙananan ƙasashe kuwa aikin ma babu shi. Yaron da yunwa ta kama a baƙon wuri, ga kunyar ya kira gida ya ce ya kasa bayan an sayar da gona dominsa, shi ne ake samu ya faɗa hannun masu damfara ta intanet ko masu safarar ƙwaya. Allah Ya tsare mana zuriya.

Akwai kuma maganar ita kanta takardar shaidar. Wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa. A watan Janairu na 2024 ma'aikatar ta dakatar da tantance takardun jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin 'yan makonni ba tare da ya zauna a aji ba. Masu takardar gaskiya da na jabu duk suka shiga tasku tare. Saboda haka tambayar ko Nijeriya ta amince da makarantar ana yin ta ne kafin a biya, kuma ma'aikatar ake tambaya, ba mai ofishin da zai ci kamasho ba.

Ba mu jahilci abin da yake kora iyaye ba, kuma ba za mu yi musu wa'azin ƙoshi ba. Jami'o'in gwamnati sun kasance a rufe kusan wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. A watan Satumba na 2023 an shiga har masaukin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke Sabon Gida aka kwashi 'ya'yan mutane. Ita kanta Sakajiki ta sha hare-hare, ta binne 'ya'yanta. Uban da ya ce yana so ɗansa ya yi nesa da wannan bala'i ba a ce masa ya yi wauta. Sai dai ƙetaren ma ba ta ba kowa lamuni ba: waɗanda aka kai Sudan suna cikin karatunsu yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka kwaso su ta hamada zuwa iyakar Masar. Kuma gonar da ake so a sayar ita ce abincin ƙannen yaron da uwarsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa ko da a tafarkin alheri ne, domin kada ya bar magadansa suna roƙon mutane. Idan sadaka aka yi wa wannan iyaka, ina ga kasada?

To yanzu mu koma ga wanda Allah Ya hore wa, wanda zai iya ajiye kuɗin shekarun gaba ɗaya ba tare da ya taɓa abincin iyalinsa ba, ko wanda ya sami tallafi tabbatacce a rubuce. Wannan muna ce masa ya tafi, Allah Ya ba da sa'a, amma kada ya tafi da kai fanko. Sayyidina Umar ya kasance yana hana wanda bai san hukuncin ciniki ba zama a kasuwar Musulmi. Abin kunya ne a ce saurayi zai ƙetare teku ya karanta littafin Philip Kotler tun daga bango har bango, alhali bai taɓa zama gaban malami ya karanta babin ciniki na Risala ko na Bulugul Marami ba. Wata uku sun isa a yi wannan, kuma babu garin da ya rasa mai karantar da shi.

Dalilinmu shi ne abin da zai tarar a aji. Za a koya masa lissafin kuɗin ruwa mai haihuwa a matsayin ƙashin bayan duk wata harkar kuɗi, ba tare da an ko ɗaga gira ba. (Muna cewa kuɗin ruwa ne da gangan, domin Hausa ta haɗa ribar ciniki da ribar da Alƙur'ani ya haramta a kalma guda, wannan kuwa ya rikita mutane da yawa.) Sanin yadda ake lissafinsa ba laifi ba ne, har ma wajibi ne ga wanda zai guje masa, laifin yana ga ci da ciyarwa da rubutawa da shaida. Za a koya masa yadda ake ƙirƙiro wa mutum buƙatar abin da ba ya buƙata, da yadda ake jingina sabulu ko lemo da surar mace, da yadda ake sa mai saye ya ji idan bai saya yau ba ya yi asara. Wanda ya karanta fiƙihu zai gane tsofaffin abokan gaba cikin sababbin tufafi. Najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi na gefensa, shi ne yau ake yi da hayar mutane su yabi haja a Facebook da TikTok alhali ba su taɓa amfani da ita ba. Algus da Annabi ya kama a kasuwar Madina, sa'ad da ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, shi ne hoton da ya fi kaya kyau da ƙananan rubutun da ake ɓoye sharaɗi a ciki. Wanda bai karanta ba kuwa zai haɗiye duka, ya dawo yana tallata wa 'yan'uwansa caca da sunan wasanni da bashin waya mai ruwa, yana kiran abin ƙwarewa.

Ba muna cewa fannin duka guba ba ne. Akwai alheri mai yawa a ciki wanda muke matuƙar buƙata: binciken kasuwa kafin a zuba jari, riƙe littafin shiga da fita, raba kuɗin shago da kuɗin cefane, ingancin kaya da marufinsa, cika alkawarin lokaci. Da yawa daga cikin waɗannan addininmu ya riga ya yi umarni da su, mu ne muka yi sakaci har sai da muka je muka gan su a hannun wasu. Kuma ba dole sai Turai ba. Maleshiya ta yi nisa a harkar kuɗi ta Musulunci, tana da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa-da-ƙasa tun 1983. A gida ma Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar nazarin banki da harkar kuɗi ta Musulunci, bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017 aka yi hanyoyi da shi. Ƙofofin aiki na halal sun buɗe ga wanda ya haɗa ilimin biyu.

Sai tambayar da ba a cika yi wa yaro ba: idan ka dawo, wace kasuwa za ka yi wa aiki? Ana yawan kawo mana misalin Aliko Ɗangote, cewa ya karanta kasuwanci a Azhar ta Masar. Gaskiya ne. Amma a tuna jinin Alhassan Ɗantata ne, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ya tashi a cikin ciniki, ya dawo ya tarar da jari da kasuwa suna jiran sa. Karatun ya zo ne ya hau kan abin da yake akwai. Mu ma a nan akwai abin da zai hau kai. Gyaɗa da auduga ne suka jawo layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi tana tara fatake daga Nijar da kudancin ƙasar nan. Manominmu yana sayar da wake da gyaɗa da kaka a farashin wulaƙanci saboda bashi da rashin rumbu mai aminci, wani ya adana ya ci ribar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa, irin wanda mu ma muke ci a gidajenmu. Yaron da zai dawo ya koya wa manoman garinsu adana wake a buhu mai toshe iska ba tare da guba ba, ya haɗa su ƙungiya su sayar tare, ya sama wa man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matanmu lambar NAFDAC da kwalba mai tsabta, wannan karatunsa ya yi rana. Kuma abin tambaya ne ko sai an je Ƙubrus kafin a iya wannan.

Mun san za a ce mana wace kasuwa ake magana a kai alhali hanyoyin ba sa biyuwa, manomi sai ya biya haraji ga ɗan bindiga kafin ya girbe gonarsa, har ta kai a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako ta katse layukan waya. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma nauyinta yana wuyan mahukunta, za su amsa a gaban Allah. Muna ƙara kira gare su cewa duk gwamnatin da za ta tura ɗan talaka waje, ta ajiye kuɗin karatunsa gaba ɗaya a asusu na musamman tun ranar tafiya, yadda sauyin gwamnati ba zai mayar da shi almajiri a ƙasar mutane ba. Idan ba za ta iya ba, ta zuba kuɗin a makarantun da ke gabanta.

Amsarmu ga ɗan'uwanmu na Sakajiki ita ce kada ya sayar da fadamar. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa tun 1983, tana koyar da darussan kasuwanci, ga jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano. Yaron ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya riƙa zama shagon wani amintaccen ɗan kasuwa lokacin hutu, ya sauke babin ciniki a gaban malami. Idan ya gama da sakamako mai kyau, ƙofar digiri na biyu a waje tana nan, shekara ɗaya ne ko biyu, tallafinsa ya fi samuwa, kuma a lokacin ya mallaki hankalin kansa. Idan mai ofis ya sake bugo waya ya ce wa'adi zai wuce, a tambaye shi nawa makarantar take biyan sa a kan kowane ɗalibi, a kuma nemi ya rubuta jimillar kuɗin shekara huɗu da dala ya sa hannu.